Wa Ya Kai Wurno Bakin Nilu?

A Mina na gamu da shi, rana ta biyu ta jifan Shaiɗan, bayan la'asar. Na fito daga tantinmu neman ruwan zafi, sai ga wani dattijo zaune a 'yar inuwar bango, cikin farar jallabiya mai faɗin hannu da ƙaton rawani irin na mutanen Sudan. Ya cire takalmi yana shafa wa dugadugansa mai. Na yi masa sallama da guntun Larabcina na makarantar allo. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi jakar alhazan Nijeriya da ke rataye a kafaɗata, sai ya ce, "Sannu, ɗana. Ina gajiya?"

Na durƙusa. Hausarsa a hankali take fita, harshen ya yi nauyi da Larabci, amma Hausa ce tsaf, har da wasu kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana raye.

"Baba, daga wane gari?"

"Mayirno. Kusa da Sinnar, a bakin Nilu."

"Yaushe aka koma can?"

Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. "Koma? Can aka yanke mini cibiya. Ubana ma haka. Kakana ne ya je da ƙafarsa, yana yaro, riƙe da bakin zanen uwarsa. Mu mutanen Sarkin Musulmi ne. Har gobe muna da sarkinmu."

Kafin in buɗe baki da wata tambayar, wani saurayi ya zo ya kama hannunsa, ya ce ayarinsu zai tashi. Dattijon ya zura takalmi, ya sa mini albarka, ya shige cikin taron nan na Mina wanda in mutum ya nitse a ciki sai dai a haɗu a Darussalam. Ya bar ni da abu uku suna yi mini yawo a ka: sunan garin da ban taɓa ji ba, kakan da ya taka ƙasa har Nilu, da kalmar nan "sarkinmu".

Da na dawo gida na ba da labarin a majalisarmu ta bayan isha'i, ba wanda ya ga abin mamaki. "Takari ne," in ji wani abokina. "Ragowar alhazan ƙasa." Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Kafin zuwan jirgin sama, hanyar Makka ta ƙasa ce: a tashi daga Kano a bi ta Barno, a ratsa ƙasar Cadi da Wadai da Darfur da Kordofan, har bakin Bahar Maliya inda ake shiga jirgin ruwa. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noman damina ɗaya, damina ɗaya ta zama biyar, a yi aure, a haifi 'ya'ya, a binne iyaye. Da wuya ka sami tsohon gida a ƙasar Hausa da ba shi da labarin wani kaka da ya tafi Gabas bai dawo ba. Mutanen Sudan kuwa kuɗin goro suke yi wa irin waɗannan jama'a, su kira su Fallata, ko kai Bafulatani ne, ko Bahaushe, ko Babarbare.

Na kwana da amsar, amma ta ƙi zama. Alhazan da guzuri ya yanke musu sukan kafa unguwa a gefen garin wasu, su naɗa sarkin zango da zai riƙa raba musu rigima. In ka tambaye su asali, sai ka ji Kanawa, Katsinawa, Zagezagi, Barebari. Ban taɓa jin ɗan zango ya ce shi mutumin Sarkin Musulmi ne ba. Sannan dattijon ko sau ɗaya bai ambaci Hajji ba da yake maganar kakansa. Yaro riƙe da zanen uwarsa, wannan siffar mutanen da suka kwashe gida kacokan ce, da tsoho da jariri, suka juya wa rumbunansu baya.

Sai na koma kan sunan. Na nemi taswirar Sudan, na bi reshen Nilun da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ. Ga Sinnar. Kudu da ita kaɗan ga garin, an rubuta shi da baƙaƙen Larabci: mim, alif, ya, ra, nun, wau. Babu wasali, kowa da yadda zai karanta. A rubutun boko na zamanin Turawa kuwa sai na ga an sa Maiurno. Na maimaita shi a bakina kamar mai hadda. Mai-urno. Mai Wurno. Na ajiye takardar na yi salati.

Wurno ai ba ɓoyayyen wuri ba ce. Tana arewa maso gabas da Sakkwato, a kan fadamar Rima, garin albasa da tafarnuwa da shinkafa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu ne ya mai da ita ribaɗi, ya zauna a cikinta, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Nan da nan na ce na gano bakin zaren: wasu mutanen Wurno ne suka tashi suka tafi da sunan garinsu. Mun saba da haka. Katsinawan da jihadi ya kora sun zauna a Maraɗi, har yau sarkinsu Sarkin Katsina ne. Gobirawan Tsibiri ma ba su yar da sunan Gobir ba.

Sai dai akwai wannan 'yar kalma "mai" da ta maƙale a gaba. In da sunan gari suka ɗauka, da sun ce Wurno kawai, ko Sabuwar Wurno. Mai Wurno fa? Wa ke da ita?

A wurin sunan ɗan maƙwabcina na sami amsar, ba a cikin littafi ba. Mun taru a ƙofar gida da sassafe, an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Muhammadu Bello. Daga cikin gida sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Mai Wurno ya dawo!" Goron da ke bakina na kasa taunawa. Abin da na sani tun ina yaro ne, na bi ta kansa ban gan shi ba. Kowane Usman Shehu ne a wurinmu, kowane Abdullahi Mai Gwandu ne, kowane Bello kuwa Mai Wurno ne, don girmama mai asalin sunan. Ashe garin nan na bakin Nilu laƙabin mutum yake ɗauke da shi. Wani Bello ne ya kafa shi.

To, wane Bello? Ɗan Shehu dai yana kwance a Wurno tun 1837. Sai na yi lissafin 'yan kasuwa. Dattijon Mina zai kai shekara 75. In na koma baya zuwa haihuwar ubansa, na ƙara komawa zuwa ƙuruciyar kakansa, ina sauka ne a farkon shekarun 1900. Wanda ya san tarihin ƙasar nan, da ya ji wannan lokaci gabansa zai faɗi.

Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya shelanta cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Sarauniya. Ba wanda ya tambayi Sakkwato. Tun taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka shimfiɗa wa kansu ƙa'idar rabon Afirka, abin da ya rage shi ne kowa ya je ya kama rabonsa. A 1901 aka ci Kwantagora da Bida da Yola. A 1902 Bauchi da Zazzau suka shiga hannu. A watan Oktoban shekarar, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu, Lugga kuma ya sami hujjar da yake nema. A cikin wannan watan Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu. Rawani ne aka ɗora masa a kai gida yana cin wuta.

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 igwa ta fasa ƙofar Kano, alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato yin mubaya'a. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar 15 ga Maris aka ja dāga a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Kanar Morland ya zo da sojoji 600 da 'yan kai, mafi yawansu baƙaƙen fata, da dama daga cikinsu ma da Hausa suke magana, Turawan 'yan tsiraru ne masu ba da umarni. Amma suna da igwa, suna da bindigar nan ta Maxim da kakanninmu suka sa wa suna bindiga mai ruwa, saboda ruwan da ake zuba mata don kada ta yi zafi. Ɗaya ɓangaren dubban mutane ne, da dawaki da takubba da masu da kwari da baka. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma wanda ya yi karin maganar bai ga mai ruwa ba. Kafin azahar an gama.

Cikin mako guda Lugga ya iso, ya tara manyan gari, aka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, ranar 21 ga Maris. Lugga ya gaya musu ƙarara cewa mulki ya koma hannun Ingila da ƙarfin yaƙi, ya kuma yi alkawarin ba zai taɓa addini ba. Waziri Buhari yana cikin waɗanda suka dawo gari. Daga baya ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana hujjarsa: jama'a ba za su iya tashi duka ba, in malamai da shugabanni suka watse wa zai riƙe waɗanda suka rage? Ya zaɓi ya zauna da Nasara a zahiri, zuciya kuma tana wani wuri.

A nan ne na lura da abin da na sha tsallakewa a karatuna na makaranta. An naɗa Attahiru na biyu, amma na farkon bai mutu a Giginya ba, bai kuma yi murabus ba. Ina ya shiga?

Ya yi Gabas. Ga wanda ya tashi a gidan Shehu, wannan ba gudun tsoro ba ne, hukunci ne da ke rubuce. Kakan ubansa ya bar Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804 don kada ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir Yunfa, daga wannan hijirar ce daular ta tsiro. Shehu ya kuma wallafa littafi sukutum, Bayan Wujubil Hijra, a kan wajabcin barin ƙasar da Musulmi ba shi da ikon tsai da addininsa a cikinta. Shekara 99 bayan Gudu, tattaɓa-kunnensa ya ɗauki wannan hukunci ya ɗora a kan doki. Ya bi ta Zamfara, ya ratsa ƙasar Kano ta kudu, ya nufi Misau da Gombe, Makka ce a ransa.

Abin da ya biyo baya shi ya tayar wa Turawa hankali fiye da yaƙin Giginya. Duk inda Attahiru ya ratsa, mutane sai su tashi su bi shi. Manoma suka bar gonaki ana dab da shuka. Masaƙa, maƙera, almajirai, mata da goyo, bayi da 'ya'ya, dubbai a kan dubbai. Manyan da Turawa suka raba da kujerunsu suka haɗu da ayarin: Etsu Nupe Abubakar na Bida, Sarkin Misau Ahmadu, Magajin Keffi, har da Alfa Hashim, Batijjane daga dangin Alhaji Umaru Futi, wanda Faransawa suka koro daga yamma. Ka duba lissafin daga wajen Lugga. Muddin wancan Attahirun yana numfashi, rawanin da aka naɗa a Sakkwato aro ne. Ƙasa kuma in ta zama kufai, wa zai biya haraji, wa zai ɗauki kaya, wa za a mulka? Bature ya ci ganuwa, ga mutanen cikinta suna zurarewa ta ƙofar gabas. Saboda haka aka saki rundunoni a bayan mutumin da ya riga ya bar musu gari.

Ayarin ya ƙare a Burmi, kusa da kogin Gongola, sama da kilomita 700 daga Sakkwato in an ja layi miƙe. Me ya sa Burmi? Garin mabiya Malam Jibrilla Gaini ne, mai da'awar Mahadiyanci, wanda Turawa suka kama a 1902 suka kai Lakwaja. Mutanensa ba su sunkuyar da kai ba. Ga kuma Dutsen Bima a wannan yanki, wanda jama'a suka daɗe suna danganta shi da bayyanar Mahadi. A watan Mayu wata runduna ƙarƙashin Kyaftin Sword ta afka wa garin, aka wuni ana fafatawa, ta janye da raunuka. Ranar 27 ga Yulin 1903 suka dawo da ƙarfi. An yi yaƙi daga hantsi har yamma, daga bakin ganuwa har cikin lunguna. Kibiya mai dafi ta kashe shugaban rundunar, Manjo Marsh. A ɓangaren masu hijira sama da mutum 600 suka kwanta dama, cikinsu har da Sarkin Musulmi Attahiru. Aka ƙone garin.

Na je Burmi da ƙafata. Daga Gombe na hau mota zuwa Bajoga, daga nan ɗan acaɓa ya ɗauke ni. Babu gari yanzu, sai gonaki da tudun da ya rage na ganuwa. Kabarin Sarkin Musulmi yana nan, na Baturen da ya zo kama shi ma yana nan, ƙasa ɗaya ta rufe su. Wani manomi da na tarar yana huɗa ya jingine garmarsa ya zo muka gaisa. Bayan mun yi fatiha na ce masa, "Malam, waɗannan dai su ne suka mutu. Waɗanda suka tsira fa?"

Ya goge gumi da bakin rigarsa, ya tura leɓe wajen fitowar rana. "Sun wuce, Alhaji. Gabas suka yi."

Littattafanmu na makaranta a Burmi suke rufe babin. Sarkin Musulmi ya yi shahada, turjiya ta ƙare, sai a buɗe shafin mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Amma dubban mutane ne suka taru a wurin, 600 da wani abu suka mutu. Wasu sun juya gida, gaskiya ne. Sauran fa, wa ya ja su?

Da na bi jerin 'ya'yan Attahiru sai ga sunan yana jirana: Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno. Ya fita daga Burmi da rai, shi kuma ragowar ayarin suka yi wa mubaya'a. Nan na ga yadda sunan ya so ya ɓatar da ni tun farko. Wurno garin gidan Bello ne, shi kuwa wannan daga gidan Atiku ya fito. Da na tsaya neman asalin mutanen Mayirno a cikin unguwannin Wurno, da har yau ina can ina yawo. Laƙabi ne kawai, irin wanda tsohuwar nan ta rangaɗa wa jaririn maƙwabcina.

Daga Burmi zuwa Sinnar ya haura kilomita 2,000. Ka tuna yadda ƙasar take a lokacin. Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri a 1900, sun kafa sansani a bakin kogin Shari. Jamusawa sun riƙe arewacin Kamaru. Gaba da su ne wasu manyan daulolin Musulmi biyu ke tsaye da ƙafafunsu: Wadai, wadda Faransa ba ta shiga babban birninta Abeshe ba sai 1909, da Darfur ta Sarki Ali Dinar, wadda ta kai har 1916. Ta wannan tsukin ƙasa mai ƙarancin ruwa hanyar Gabas take bi. Shekara uku ayarin ya yi tsakanin tashi da sauka. A 1906 Mai Wurno ya iso bakin Nilu, ya fara zama a ƙauyen Shehu Ɗalha, inda tun da can akwai jama'a masu asalin Fulani, daga baya ya kafa nasa garin a tsallaken kogin. A cikin wannan ayari ne wani yaro yake tafe riƙe da zanen uwarsa.

Saura tambaya ɗaya da ta hana ni barci. Makka suka nufa. Me ya tsai da su a Nilu, alhali Bahar Maliya ba ta kai abin da suka riga suka taka nisa ba?

Rabin amsar yana cikin abin da suka taho da shi a zuciya. Tun zamanin Shehu magana ta bazu a daular cewa a ƙarshen zamani jama'arsa za ta tashi ta yi Gabas, ta sadu da Mahadi a wajejen Nilu. Maganar ta yi ƙarfi har sarakunan Sakkwato sun sha fama da masu son tashi tun lokaci bai yi ba. Da Muhammadu Ahmad ya bayyana a Sudan a 1881 yana cewa shi ne Mahadi, ya kuma ci Khartum a 1885, fadar Sakkwato ba ta gaskata shi ba, amma jikan Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, ya yi masa mubaya'a daga ƙasar Adamawa. Saboda haka ga talakan da ya bi Attahiru, Nilu ba zango ba ne a hanyar wani wuri. Sunansa yana cikin alkawarin da ya taso yana ji.

Ɗaya rabin amsar shi ne mai ɗaci. Da suka iso, wa suka tarar? Tun ranar 2 ga Satumbar 1898 Kitchener ya karya rundunar Mahadiyya a Karari, bakin Omdurman, da irin bindigar nan mai ruwa da ta yi aiki a Giginya. Daga 1899 Sudan tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, wanda a aikace Ingila ce mai wuƙa da nama. Mutanen da suka bar gonakinsu don kada su kwana ƙarƙashin tutar Nasara sun yi tafiyar shekara uku, sun binne 'yan uwa a hanya, sun iso sun tarar da tutar ta riga su.

Me ya hana Turawan Khartum su yi musu irin ta Burmi? Lissafi ne, irin dai wanda Lugga ya yi, sai dai a nan ya fito ta ɗaya fuskar. A Nijeriya tafiyar mutane asara ce ga Bature. A Sudan zuwansu riba ne. Yaƙe-yaƙe da yunwa na zamanin Mahadiyya sun rage jama'a ƙwarai, ƙasar noma tana kwance babu hannu. Ga manoma sun kawo kansu, ga shugaban da suke jin maganarsa. Sai aka bar su suka zauna, aka kuma amince da sarautar Mai Wurno a kan mutanensa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira don ciyar da masaƙun Ingila, mutanen Afirka ta Yamma suna cikin manyan waɗanda suka riƙe aikin. Garin Mai Wurno kuma ya zama masauki ga alhazan ƙasa masu zuwa daga baya, wanda shi ya sa abokina na majalisa bai yi kuskure duka ba. Ya dai ga rassa ne bai ga saiwa ba.

Da na kwashe labarin nan duka na zuba a majalisa, shi wannan abokin nawa ya girgiza kai. "To ai an gudu ba a tsira ba ke nan," in ji shi. "Gara Waziri da ya zauna."

Ban yi masa gardama a kan Waziri ba. Da kowa ya tashi, da ba mu gaji masallatai da makarantun da muka gada ba. Amma na ce ya dubi wani abu guda. A Sakkwato, Bature ne ya tsaya aka naɗa wanda zai zama Sarkin Musulmi, ya kuma shimfiɗa masa sharuɗɗa. A bakin Nilu Bature ya tarar da mutane ne da shugaban da suka riga suka ba hannu tun a kan toka da gawarwakin Burmi, ba da izinin kowa ba. Ya iya karɓar harajinsu, ya iya cin guminsu a gonar auduga. Mubaya'arsu kuwa sun ɗauko ta sun tsallaka da ita ƙasashen Turawa uku, ba ta faɗi a hanya ba. Mun saba auna turjiyar kakanninmu da yawan waɗanda suka faɗi a fagen fama, daga Giginya zuwa Burmi zuwa Satiru a 1906. Waɗanda suka ƙi da tafin ƙafa ba mu cika ƙirga su ba, don ba su bar mana kabari kusa da za mu ziyarta ba.

A daren ne, ina kwance, abu na ƙarshe ya warware mini. Da dattijon ya ce su mutanen Sarkin Musulmi ne, ni na ɗauka fadar Sakkwato ta yau yake nufi, kamar yadda kowane Musulmin ƙasar nan zai faɗa. Ashe Sarkin Musulminsa yana kwance tsakanin kunyoyin dawa a bayan Bajoga, wurin da shi bai taɓa gani ba, ni kuwa na tsaya a kai na yi fatiha ba tare da na san saƙon wa nake isarwa ba. Da na san haka a Mina, da ban bar saurayin nan ya janye shi da wuri ba. Da na zauna a ƙasa kusa da shi, na karɓi kwalbar man nan, na shafa masa a dugadugan da kaina.